Ni Ne Mai Ƙara Sauti

Jiya ban runtsa ba, kuma ba zafi ko sauro ne suka hana ni ba. Tambaya ɗaya ce ta kwana tana juya ni a kan katifa: shin mutum yana canjawa da gaske, ko kuwa wurin zamansa na ranar Lahadi kawai yake canjawa? Shekara uku ke nan ina amsa ta da ƙarfin gwiwa a gaban mutane. Yau kam, masu karatu, ba ni da wannan ƙarfin. Zan ba ku labarin yadda yake, ku yi hukunci da kanku.

Mahaifina direban motar haya ne, kuma mutum ne mai saurin hannu. Ba ya shaye-shaye, ba ya yawo, ƙarfe shida yana gida. Abin da zai jawo duka ba ya da yawa: ruwan wanka ya huce, ko an ajiye takalminsa inda ba a saba ba, ko kuma wani fasinja ya zage shi a hanya ya rasa inda zai sauke. A gidanmu kowa yana da aikinsa idan Baba ya fara. Mama takan shige ɗaki da ƙafarta, don kada a yi abin a falo. Yayana, wanda ya girme ni da shekara biyar, shi ne mai rufe tagogi. Ni kuwa, auta, rediyo ce tawa.

Wata tsohuwar rediyo ce baƙa a kan kantar falo, abin murɗawarta ya ɓalle tun ban yi wayo ba, sai ɗan tsinken ƙarfe da ake kamawa da yatsa biyu. Ba Baba ne ya ɗora ni a kanta ba, Mama ce. Ta ce abin cikin gida na cikin gida ne, kada maƙwabta su ji su raina mu. Aikin yana da ƙa'ida. Idan na ƙara da yawa, maƙwabta za su buga bango, Baba ya fito ya huce a kaina. Idan na rage, za a ji muryarta. Ina ɗan shekara bakwai na gano daidai wurin da ake tsayawa, kuma ban taɓa kuskure ba. Har yau ina iya kawo muku sanarwar ɓatan kaya da sakamakon wasannin wancan lokacin, don su nake saurare da dukan zuciyata. Idan an gama, Mama ta fito ta wanke fuska ta ɗora tukunya, ni kuma in rage murya. Ba a ambaton Allah a gidanmu sai a bakin rantsuwa.

Na yi karatun lantarki a jami'a. Ina shekarar ƙarshe wani abokin karatuna ya roƙe ni in duba musu na'urar sauti a cocinsu, wani ɗaki mai tsawo a saman shagon fenti, inda lasifika ke gurnani duk lokacin da aka kunna fanka. Ranar Asabar na je, mawaƙa suna gwaji. Ina durƙushe ina bin waya, sai wata yarinya mai tabarau ta saki sabon makirufo ya faɗi a kan siminti, ƙarar ta cika ɗakin. Ban san lokacin da na miƙe na manne da bango ba. Na ga faston nasu, wani tsoho mai ɗingishi, ya nufo ta, kuma jikina ya riga ya san abin da zai biyo baya. Sai ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki makirufon, ya busa shi, ya ce da ma tun zuwansa wannan makirufon yake ƙara wa masu muryar gardi ƙarfi, Allah ne ya yi wa ikilisiya gata. Kowa ya yi dariya. Sannan ya tambaye ta ko ya same ta a ƙafa.

Wannan tambayar ce ta dawo da ni mako na gaba, da na gabansa. Na riƙa ƙirƙiro gyaran da babu shi, har suka gaji suka bar mini kujerar bayan na'ura. Shekara guda na yi a wurin ina daidaita muryar mutane ba tare da na buɗe tawa ba. A can na ji labarin Yesu, kuma ba warkarwa ko tafiya a kan ruwa ne suka kama ni ba. Abin da ya kama ni shi ne an doke shi, an rufe shi a inda ba mai ceto, kuma da ya tashi bai ɓoye tabon ba, bai ce faɗuwa ya yi ba. Na ce a raina, ashe akwai Allahn da ya taɓa zama a ɓangaren da Mama take zama. Aka yi mini baftisma. Ko a yanzu idan ikilisiya ta kira Allah Uba, nakan yi shiru in jira kalma ta gaba, amma na gaskata, kuma na ɗauka ruwan nan ya wanke har abin da ke cikin yatsuna.

Yarinyar mai tabarau malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, ni ma haka. Ita kuma Injiniya take ce mini, in tana son tsokana ta ƙara da cewa mai tsoron makirufo. Na gaya mata Baba yana da zafi. Ban gaya mata zancen rediyo ba. Mahaifinta dattijon ikilisiya ne, mutum mai auna magana, kuma da na je masa da zancen aure sharaɗi ɗaya ya kafa. Ya ce ba ya ba da 'ya ga mutumin da ba kowa a bayansa. Mahaifiyata da yayana su zo da ƙafarsu su zauna a falonsa su nema mini, ya ga irin gidan da za ta shiga. Aka sa ranar Lahadin ƙarshen wata.

Yanzu Baba ba ya dukan kowa. Shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a kujera shekara huɗu da suka wuce, bakinsa ya karkace, sai ido. Yaya ya gaji motar, ya gaji ɗakin baya, ya kuma gaji hannun. Matarsa, wadda nake kira Anti, tela ce, mace mai fara'a da ke ce mini maigida ƙarami, tana cika mini kwano tana cewa coci ba ta hana ƙiba. Na sha ganin ta da gyale a naɗe har haɓa a ranar da ake zafi. Ban taɓa tambaya ba. Tun da na sami aiki a kamfanin haɗa wutar sola na kama ɗaki a wata unguwa, na gaya wa kaina addu'a nake yi musu.

Lahadi biyu da suka wuce na kai Malama ta gaida Mama. Ta sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan maɓallai har wuya, ta cire ɗan kunnenta mai lilo ta sa ƙarami, ta ce kada a ce ta cika rawar kai. Mama ta cire ledar da ke kan kujeru, abin da ba a yi sai don babban baƙo, ta fito da kofunan gilashi daga cikin kanta. Baba yana kusurwarsa da tawul a kafaɗa. Talabijin tana kunne a hankali, ana nuna wasan ƙwallo. Anti ta shigo da faranti tana tsokanar Malama, ta ce ta zo ƙwace mata ƙaramin miji, sai ta biya ta wahalar kiwonsa. Hira ta yi daɗi har na fara sakin jiki.

Sai Yaya ya dawo. Ya gaisa a tsaye, ya ce mini ƙaramin fasto an kawo mana amarya ke nan, ya wuce ciki. Can ya ƙwala wa Anti kira, yana tambayar rigar da ya ce a goge. Ta ajiye farantin, ta yi mana murmushi, ta bi shi. Muka ji an tura ƙofa. Muka ji wani abu mai nauyi ya bugi kwaba, sannan muryarta, gajeriya, irin ta wanda yake ƙoƙarin haɗiye ta.

Masu karatu, ban yanke shawara ba, ban yi tunani ba. Na dai ga hannuna a kan rimot, lambobi suna hawa a fuskar talabijin, goma sha biyu, ashirin, ashirin da shida, na tsaya a nan. Daidai wurin ne. Muryar mai sharhin ƙwallo ta rufe ɗakin baya ruf, kuma ba ta kai ta dami maƙwabta ba. Mama ta ci gaba da zuba lemo a kofin Malama, hannunta ko rawa ba ya yi, tana tambayarta aji nawa take koyarwa.

Malama ta dube ni. Ba zan iya kwatanta muku kallon ba, sai dai in ce ba fushi ba ne, da fushi ne da na ji sauƙi. Ta miƙe ta wuce ta gabana, ta je ta riƙa dukan ƙofar da tafin hannu tana kiran Anti, ba ta daina ba har Yaya ya buɗe. Ya fito yana gyara wuyan riga, ya ɗauki mukullin mota ya fice. Ni da Malama muka kai Anti asibiti. Hannunta na dama ya karye a wuri biyu, hannun da take riƙe almakashi. Da likita ya tambaya, ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Haka ta gaya wa mahaifinta ma da ya zo ya tafi da ita gidansa jinya.

A hanyar komawa na raka Malama har bakin layinsu. Nan ta tambaye ni tun yaushe nake yin haka. Na ce tun ina ɗan shekara bakwai. Ta gyaɗa kai ta shige gida. Kwana uku ina tura mata saƙo tana karantawa ba amsa, sai ran na huɗu ta rubuto: "Ba na tsoron za ka doke ni, Injiniya. Abin da nake tsoro shi ne wata rana wani abu ya same ni kana wurin, ka gyara zama." Na rubuta amsa ta kai sau goma ina gogewa. A ƙarshe na tura mata cewa ta yi gaskiya. Ta ce ba ta gaya wa babanta komai ba, ranar da aka sa tana nan, amma ita ma ba ta san abin da take so ba.

Shekaranjiya Mama ta zo wurin aikina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta same ni a rumbun kaya ina gwada batura, ta zauna a kan kwali da jakarta a cinya. Ta ce ranar Asabar mahaifin Anti zai dawo da ita. Mutumin mai gyaran agogo ne, ba ya son fitina, amma zuciyarsa ba ta kwanta da zancen banɗaki ba. Ya ce ba ya neman rantsuwar Yaya, ba ya neman ta Mama. Ya ji labarin akwai ƙanin miji da ya shiga coci, wanda aka ce ko da wasa ba ya ƙarya, kuma yana gidan ranar. Idan wannan ya ce faɗuwa ce, ya yarda, ya bar 'yarsa ya tafi.

"Ka ga amfanin cocin naka ya zo," in ji Mama. "Kalma ɗaya ce, Auta. Kai za su yarda da kai."

Na ce mata ai ba faɗuwa ba ce. Ta ce ni na gani da idona? Na ce na ji. Ta ce me na ji, ba ƙwallo ake yi ba? Ta faɗi haka tana kallona ido cikin ido, kuma ba ba'a take yi ba, tuna mini take yi cewa tare muka yi aikin. Daga nan ta shimfiɗa mini sauran. Idan na tona asirin ɗan'uwana a gaban surukinsa, ita da Yaya ba za su taka falon baban Malama ba, in nemo wata uwar a cocin ta je mini. Ta ce ita ta yi shekara talatin ba ta mutu ba, yarinyar nan ma ba za ta mutu ba, maza suna hucewa idan sun manyanta. Na ce Baba bai huce ba, faɗuwa ya yi. Ta murza hannun jakarta, sannan ta yi magana a hankali har sai da na matso.

"To idan ta tafi, wa kake tsammani zai rage masa a gidan?"

Na raka ta bakin titi na tsayar mata da mota. Da za ta shiga ta gyara mini wuyan riga, ta ce na rame, in riƙa cin abinci.

Jiya da yamma na je wurin Fasto. Na same shi yana jera kujeru shi kaɗai, na kama masa muna yi ina ba shi labari, har da na rediyo, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Na so ya ce mini in faɗi gaskiya Allah zai buɗe hanya, Malama ba za ta kuɓuce mini ba. Bai ce haka ba. Ya ce shi ba zai yi mini alkawarin da ba a ba shi ba. Ya san baban Malama shekara ashirin, mutum ne da ba ya janye magana, kuma idan ya ji dalilin da ya hana dangina zuwa, wannan ma wani dalilin ƙi ne. Na tambaye shi to me baftismar ta wanke, tunda hannuna yana nan yadda yake. Ya zauna a kujerar da ya gama jerawa ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya ce hannun ya yi shekara ashirin yana koyon aikinsa, ni kuwa shekara uku nake da ita a wannan hanya, ba abin mamaki ba ne ya riga ni. Abin da ya wuce a falo ya wuce ba da shawarata ba, amma na ranar Asabar da shawarata za a yi shi. Ya ce mu yi addu'a. Ya yi, ni kuwa ban ji komai ba, sai ƙarar fanka da warin fenti daga ƙasa.

Da gari ya waye yau na lissafa abin da ke gabana, ban ga ƙofa ko ɗaya mai haske ba. Idan na ce faɗuwa ce, za a je nema mini aure, in zauna kusa da Malama ina sane da cewa da hannun Anti na saye ta, kuma ran da ta gano, ta tafi. Idan na faɗi gaskiya, ba mai zuwa, babanta ya rufe zancen, Mama kuma ta rage daga ita sai Yaya da mutumin da ba ya iya ɗaga hannu. Na yi ta jira in ji wata natsuwa ta sauko mini irin wadda mutane ke ba da shaida a kanta. Ba ta zo ba. Na yi wanka na sa rigar aiki, na kira shugabana na ce zan makara.

Shagon mai gyaran agogon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da katifa da wani kantin magani. Na same shi a bayan gilashi da madubin aiki a ido ɗaya, ya baje cikin wani agogo a kan farin ƙyalle. Na gaishe shi na faɗi ko ni wane ne. Ya cire madubin ya ce ai sai Asabar muka yi. Na ce abin da zan faɗa bai kamata ya jira Asabar ba, kada ya sa ta haɗa kaya a banza. Ya jawo mini kujera.

Na gaya masa komai a jere, ban ƙara ba, ban rage ba: kiran, ƙofar, kwabar, da gyalen da na sha gani a ranakun zafi ban tambaya ba. Na gaya masa abin da ni na yi, da wadda ta tashi ta buga ƙofar. Bai katse ni ba. Da na gama ya fara mayar da ƙananan ƙusoshin agogon cikin wani murfin kwalba ɗaya bayan ɗaya, guda ya faɗi ƙasa bai nema ba.

"Ta ce mini santsi ne," ya ce. "Har dariya ta yi."

Na ce haka ake koya mana a gidan.

Ya tambaye ni ko zan iya maimaita wannan maganar a gaban mahaifiyata da yayana, don shi ba zai riƙe 'yarsa a kan zancen bayan fage ba. Na ce zan maimaita. Ya ce na san abin da zai biyo baya? Na ce an riga an gaya mini. Bai yi mini godiya ba, ni ma ban sa rai ba. Ya tashi ya kashe fitilar teburinsa, ya fara rufe shago da hantsi.

A bakin titi na tsaya na rubuta wa Malama: "Na je wurin baban Anti na faɗa masa. Ki gaya wa babanki kada ya shirya karɓar baƙi ran Lahadin ƙarshen wata, ba mai zuwa. Idan ya tambayi dalili, ni zan zo in faɗa masa da bakina, ba sai kin ɗauki wannan ba." Daga nan na biya wurin mai gidan da nake haya, na tambaye shi ko zai yarda mahaifiyata ta zo ta zauna tare da ni idan ta kama. Ya ce ba damuwa. Na san ba za ta zo ba, amma na sayi tabarma da filo na ajiye a bayan ƙofa.

Malama ta karanta saƙon tun ƙarfe goma sha ɗaya. Yanzu biyar ta wuce, ba ta ce komai ba. Mama kuwa ta kira sau biyu tana tambaya ko na shirya abin da zan faɗa, na ce mata na shirya. Asabar jibi ce.